Shekarar da Na Dafa Awartakin Kakanku

Da sunan Allah nake farawa. 'Ya'yana, akwai wata magana da na daɗe ina jin kuna yi idan kun taru da Sallah, wai bokon babanku ne ya kashe sana'ar kakanku, wai tun da ya koyo aikin haƙori a asibiti tsohon ya yi zuciya ya rataye zabira. Ina jin ku daga ɗaki, sai in yi shiru, don a lokacin babanku yana raye kuma bai taɓa musa muku ba. Yanzu ya tafi, Inna kakarku ta tafi, cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage. To ku saurara. Ba haka aka yi ba. Da hannuna a ciki, da tukunyata.

Kakanku, wanda duk unguwarmu ta Limancin Kona ke kira Baba Wanzam, yana aski, yana ƙaho, amma abin da ya yi suna a kai shi ne cire haƙori. Mutanen ƙauye kan zo tun da hantsi, kunci a kumbure an ɗaure da tsumma, su jeru a dakalin ƙofar gida. Ni dai ba na leƙa zaure, amma bangon madafata shi ne bayan zauren, don haka duk abin da ake yi a kunnena ake yi. Ina tuƙin tuwo zan ji ya fara jan mutum da hira, yaya damina a wajenku, gero ya fitar da kai, wa ya auri 'yar wane. Bawan Allah yana ƙoƙarin amsawa da baki a hangame, sai in ji ƙas, sai nishi, sai muryar Baba a sake.

"Tofar. Ga maƙiyin naka nan, ku gaisa."

Sai zaure ya ɗauki dariya, har wanda aka cire wa. Wallahi har yau idan gari ya yi tsit da hantsi, kunnena yakan nemi wannan dariyar.

Da awartaki guda yake aikin, baƙi, gadon ubansa. An naɗe mariƙinsa da jar fata an ɗinke, a cikin fatar kuma akwai wata laya da uban ya sa aka rubuta masa tun yana saurayi. Baba ya yarda cewa sauƙin hannunsa daga nan yake. Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Idan ya gama da mutum sai ya tsoma bakin awartakin a wani kasko na ruwa da ke gefensa, ya goge da gefen tsumma, ya kira na gaba. Haka ya ga ubansa yana yi. Ni kuwa shekara uku ina gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Suruki ne. Gaisuwa daga bakin ƙofa, a durƙushe, kai a ƙasa, in ya amsa in tashi in gudu.

Kada ku ce tsohon ya ƙi boko. Shi da kansa ya ce wa babanku ya je ya koyo na asibiti ya haɗa da na gida. Kullum da safe babanku zai hau keke ya fita ta Ƙofar Doka, da la'asar sakaliya in ji ƙarar sarƙar keken a zaure, wata irin ƙara mai tsalle saboda haƙori guda na ƙarfen da sarƙar ke hawa ya lanƙwashe. Da na ji ta sai in sauke ruwan wanka. Yana shigowa da warin magani a jikinsa, ya ɗauki yayarku, wadda har yau bakina bai iya kiran sunanta ba, ya zauna bakin murhu yana ba ni labarin allurar da ke kashe dasashi har a cire wa mutum turmi, babban haƙorin tauna, bai sani ba. Ni ban gane rabin abin da yake faɗa, amma ina son jin yana faɗa.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Rediyo ya ce cutar ta ratso ƙasashe da yawa kafin ta iso mu, har da na gabas can gaba da Makka. Mu dai abin da muka sani, mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin magariba an kai shi. Aka hana shan ruwan rijiya sai an tafasa. A asibiti aka rufe ɗakin haƙori, sai wanda ciwo ya kai shi maƙura ake dubawa, don aikin na sa hannu a bakin mutane ne. Babanku da abokan karatunsa aka tura su rumfunan masu cutar, suna riƙe kwalaben ƙarin ruwa, suna wanke bokitai. Malaminsu, wani likita Ba'indiye, bai yarda karatu ya tsaya ba. Da yamma yakan tara su ƙarƙashin bishiya, nesa da juna, a sayo kawunan raguna daga mahauta, su koyi cire haƙori a kansu. Ya ce musu a ƙasarsu ma haka 'yan'uwansa suke fama, suna rubuto masa yadda suke yi shi ma yana rubuta musu. Shi ne ya ce tunda an rufe ɗakin asibiti, duk mai ciwon haƙori wajen wanzamai zai koma, don haka ɗalibai su shiga gari biyu-biyu da littafi, su tambayi kowane wanzami yadda yake wanke kayan aikinsa, su rubuto, su kuma roƙe shi ya riƙa dafa su.

Niyyar mai kyau ce. Amma da babanku ya yi shawara da ni, ko da Inna, da mun ce masa ya bar zauren gidansu ga wani, ko ya bari sai bayan cin tuwo ya samu tsohon shi kaɗai. Bai yi ba. Yana da ƙuruciya, kuma ya kwana biyu yana ganin gawa. Ranar wata Alhamis da hantsi, dakali cike da mutane, sai na ji ƙarar keke a lokacin da ba nata ba. Ya zo da farar rigar aiki, tare da abokinsa Yohanna, wani ɗan Wusasa mai ladabi. Na ji sun yi sallama, na ji Yohanna ya gaida Baba har ƙasa. Sai na ji buɗe littafi.

"Baba, an aiko mu ne mu yi wa wanzamai tambayoyi. Da me kake wanke awartaki bayan ka cire wa mutum haƙori?"

Na ajiye muciya.

"Wa ke tambaya?" in ji Baba. "Ɗana, ko gwamnati?"

"Aiki ne, Baba. Ruwan kaskon nan, sau nawa ake sauya shi a yini?"

Yohanna ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, mu je, ma dawo an jima." Babanku bai ji ba. Ya ce ruwan nan shi ke ɗaukar cuta daga bakin wani zuwa na wani, ya ce in ba za a dafa ƙarfen ba gara a dakatar da aikin. A gaban manoman da suka tako tun daga ƙauye saboda sunan tsohon.

"Rubuta," in ji Baba, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Rubuta cewa da ruwan kaskon nan aka ciyar da kai har ka yi tsawon da za ka sa farar riga. In ka gama rubutawa, ka koma inda ake da tsabta. Gidan ƙazamai bai kamace ka ba. Kada in ƙara ganin ƙafarka a zauren nan."

Na ji an rufe littafi. Na ji keke ya juya. Ko ciki bai shigo ba.

Daga ranar babanku ya koma kwana a ɗakin ɗalibai na asibiti. Ya aiko wa Inna cewa dama ya fi kyau ya nisanci jaririya har cutar ta lafa, kowa kuma ya yi kamar ya yarda dalilin kenan. Amma mun sani. Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane irin wannan rashin ba. Tsakaninmu da shi tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma kamar ya haye teku. Da la'asar sai in tsinci kaina na sauke ruwan wanka, in tsaya ina kallon bokitin har ya huce. Duk keken da ya gifta ta lungu sai na daina abin da nake yi, in kasa kunne, in ji sarƙarsa lafiya lau take, ba tamu ba ce. Rigarsa ta gida na bar ta a ƙusa ban wanke ba. Inna ta lura, sai ta riƙa ƙara mini nama a miya. Shi ma Baba hirarsa ta ragu. Yana cire haƙori, amma ba ya tambayar kowa labarin gero.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru a mako na uku. Wani mai sayar da itace da muka saba da shi ya zo aka cire masa haƙori da safe, na ji muryarsa, har ya yi wa Inna kirari ta bango. Washegari da azahar aka ce an binne shi, cutar ce. Bayansa, a ranar da aka cire masa, mutum huɗu Baba ya sa wa awartakin nan a baki, daga kaskon nan. Da Baba ya shigo ciki kuma ya ɗauki yayarku, ya tauna dabino ya sa mata a baki da yatsansa kamar yadda ya saba. Na tsaya ina kallo daga madafa, ba ni da bakin magana. Wa zai ce wa suruki ya wanke hannu?

Baba yakan tafi masallaci da asuba, ba ya dawowa sai rana ta fito. Zabirar tana rataye a ɗakin Inna. Washegari da safe na shiga gaishe ta, na tarar ta fita bayan gida, na sa hannu na zaro awartakin. Babanku ya taɓa ce mini a asibiti sai ƙarfe ya yi ta tafasa kamar za a dafa wake. Sai na jefa shi cikin tukunyar ruwa gaba ɗayansa, na ƙara itace, na rufe. Ban yi tunanin fata ba. Ni da na san yadda ganda ke yi a tukunya, wallahi ban yi tunani ba. Da na buɗe murfin, ruwan ya yi ja. Fatar ta ƙanƙance ta murɗe, ɗinkin ya fashe, ta zame daga mariƙin. Takardar layar ta zama kamar kamu, tawadar ta bi ruwa. Na tsamo ƙarfen tsirara, na zauna a ƙasa.

Haka Inna ta same ni. Ta dubi tukunya, ta dubi hannuna, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Rabi, me ya kai ki? Kin san ko ni da na yi shekara arba'in da shi ban taɓa riƙe abin nan ba?"

"Inna, yarinyar nake ji wa tsoro."

Sannan ta ɗauki faifai, ta ɗora ƙarfen da guntun fatar a kai, ta ce in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Ina ciki na ji shigowar Baba, na ji ta ce, "Malam, ga abin da ya faru," na jira tsawa. Ba tsawa. Na ɗaure kayana a zani, don na tabbata gidanmu za a mayar da ni. Ranar bai buɗe zaure ba. Washegari ma haka. Mutane suka yi ta sallama suna komawa.

A rana ta uku da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, yayarku tana rarrafe kusa da ni, sai ga shi ya fito. Na yunƙura zan gudu, sai na ga ya tsuguna wajen buta, ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, a hankali, yadda zan gani. Sannan ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, ya juya mini baya. Kun san wasan kaka da jika, matarsa yake kiranta.

"Ke matata, mummuna mai baki ba haƙori," ya ce mata. "Ki gaya wa uwarki, abin da ke cikin fatar nan ubana ne ya ba ni, kuma ba a samun wani. Ki gaya mata na ji zafi."

Yarinya tana ta jan gemunsa. Hawayena suna zuba cikin garin.

"Ki kuma gaya mata, mai itacen nan ya tsaya mini a rai. Tunda ƙarfe ya riga ya dahu sau ɗaya, ba abin da ya rage da ruwa zai cinye. Ta riƙa dafa shi. Ta bar tukunya a wuta, bayan kowane mutum zan miƙo. Amma kada a kai labari asibiti. Ban janye maganata ba."

Haka muka koma yi. Ya gama da mutum, ya miƙo wa Inna awartaki ta ƙofar zaure, ta kawo mini, in dafa, ta mayar. Masu jira suna ƙorafin daɗewa, yana ce musu wanda ke sauri ya je ya sa wa haƙorinsa kanumfari. Sai dai kunnena ya ji abin da ba wanda ya faɗa. Da, ƙas ɗaya ne. Yanzu sai in ji ya kama ya saki, ya sake kamawa, mutum yana gurnani. Ƙarfen ba fata yana zame masa, na naɗa masa tsumma mai tsabta, bai hana ba. Inna ta ce mini ba ƙarfen ba ne, zuciyarsa ce ta daina yarda da hannunsa.

Na riƙe amanarsa kwana goma sha biyu. Amma ina ganin tsoho yana ramewa, ɗansa yana can yana zaton uban bai ji maganarsa ba, ni kuma ina tsakiya da labarin da zai haɗa su. Wata Laraba Inna ta dube ni ta ce, da ƙarfi yadda za a ji a zaure, in shirya in je Tudun Wada in gaida ƙanwarta da ba ta da lafiya. Ƙanwar Inna lafiyarta ƙalau, asibitin ne ke can. Na bar mata yarinya, na yafa mayafi, na fita ta Ƙofar Doka, karo na farko ni kaɗai tun da aka kawo ni.

An kewaye rumfunan da igiya, ba a barin kowa ya haye. Yohanna na fara gani, ya ruga ya kira babanku. Da ya fito ban gane shi nan take ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa, hannayensa sun yi fari fat saboda ruwan magani. Ya tsaya taku biyar daga igiyar, ya hana ni matsowa.

"Rabi? Lafiya? Yarinyar ce?"

"Lafiyarta lau. Ta fara tsayawa da bango."

"Ba ni nan," ya ce, kamar da kansa yake.

Na kwance bakin mayafina na nuna masa guntun jar fatar. Ya gane ta tun daga nesa. Na ba shi labari duka, har da cewa an hana ni faɗa. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Ni na kamata in roƙe shi a ɗaki," ya ce. "Na je na tsaya masa a ka da littafi kamar mai karɓar haraji. Yanzu ke kika ɗauki laifin."

"Malam, ka dawo gida kawai. Ruwan wanka nake ta zubarwa."

Ya yi dariya, irin wadda ke kusa da kuka. Ya ce ba zai iya barin rumfa ba sai an samu sauƙi. Na juyo ina tafe ina waiwaye, yana tsaye a inda na bar shi har na sha kwana.

Sai da aka ƙara mako uku cutar ta lafa. Ranar da babanku ya dawo da hantsi ne, ina bakin murhu tukunyar ƙarfe tana tafasa, na ji sarƙar nan mai tsalle ta shigo lungu. Na ji ya jingine keken a waje, bai shigo da shi zaure ba. Inna ta leƙa ta ce mini ba farar riga a jikinsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa. A lokacin Baba yana fama da wani manomi mai ruɓaɓɓen turmi, ya kama sau biyu yana zamewa.

"Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini."

Manomin ya yi nishi, sannan na ji muryar Baba.

"Wa ya kai maka labari?"

"Ba wanda ya kai, Baba."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, tun kana yaro." Na ji ya ja numfashi. "Ka wanke hannu?"

"Na wanke."

"To taso. Mutumin nan tun ɗazu nake wahalar da shi, ba laifin da ya yi mini. Karɓi. Dafaffe ne, matarka ba ta wasa."

Na manna kunnena da bango. Na ji babanku ya tambayi manomin daga wane gari yake, ko an samu ruwa a wajensu. Mutumin ya fara amsawa. Ƙas.

Zaure ya ɗauki hayaniya, ana ta barka, ana cewa ɗan ya gaji uban. Muryar Baba kaɗai ban ji ba. Can sai ga shi ya shigo tsakar gida, da rana tsaka, lokacin da bai taɓa barin zaure ba. Ya zauna a kan turmin da ke kife, ya ɗauki yayarku. Fuskarsa a sake take, har da murmushi.

"Matata," ya ce, "mijinki ya tsufa. Ki gaya wa uwarki Allah ya yi mata albarka. Ki ce mata gobe ba sai ta ɗora tukunya saboda ni ba."

Da daddare babanku ya ci tuwo kwano ɗaya da ubansa, ina jin su suna gardama a kan ko kan rago ya yi kama da na mutum. Babanku ya roƙi Baba ya ci gaba da aiki, Inna ta roƙe shi, ya ce aski dai zai riƙa yi wa tsofaffin abokansa, haƙori kuwa a tura asibiti idan an buɗe ɗakin su babanku. Bai ƙara ɗaga maganar layar ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa canza mini fuska ba.

Washegari da asuba na tashi, na hura wuta, na ɗora ruwa kamar kullum, ko zai sake shawara. Na zauna ina jiran Inna ta shigo da awartaki. Ruwan ya tafasa, na ƙara wani, ya sake tafasa har ya ƙone. Ba wanda ya miƙo komai.